Awon Motar Isiyaku

"Riƙe nan, Tela. A'a, ba nan ba, ƙarfen da ke ƙasa."

Na duƙa na riƙe. Isiyaku yana kwance ƙarƙashin motar bisa wani tsohon buhu, ƙafafunsa kawai nake gani. Ya ja ƙugiyar da ya yi wa walda da safe, ya sake ja, motar ta ɗan girgiza.

"Nan za su ɗaure ta," ya ce. "In ƙugiyar ga ta ɓalle tana tsakar gudu, bango za ta ci."

Ranar Talata ce, cikin bazara. Shagona na ɗinki yana kallon garejinsa, lungu guda ne tsakaninmu a Mayahi, shekara goma sha tara ke nan. Ban san komai a kan mota ba, amma duk sanda hannu biyu suka gaza masa, ni yake kira.

Motar Fijo 504 ce, fara a da. Da ita yake kai mutane kasuwannin Kanan-Bakashe da Sarkin Hausa. Direbobin tasha suna kiranta Kaka, suna cewa jaki biyu sun fi ta ja. Bayan girbi ya sauke injinta, ya warware shi bisa tabarma, ya yi wata huɗu yana haɗawa. Da ya tayar da ita suka ce ai sauti ne kawai ya canza.

Ana nan sai Sirajo ya kira shi. Sirajo a hannunsa ya koyi aiki shekarun baya, yanzu shi ke koyar da gyaran mota a wata makarantar sana'a a Maradi. Ya ce an kawo musu injin awon ƙarfin mota. Yadda Isiyaku ya yi mini bayani, ana ɗora tayoyin baya bisa wasu ƙarafa masu juyawa kamar ganguna a kwance, a ɗaure motar gaba da baya, a taka ta har ƙarshe tana nan wuri guda, injin ya fiddo takarda mai cewa ƙarfin doki nawa gare ta. Sirajo ya ba shi ranar Asabar.

Akwai wata takardar kuma. Likita ne ya rubuta masa ita mako uku kafin nan, ya ce ya je Maradi a duba zuciyarsa, saboda nauyin da yake ji a ƙirji. Tana aljihun rigar aikinsa, har ta yi baƙi.

Da yamma ɗiyarsa Biba ta biyo daga lakwal inda take koyarwa. Ta tsaya bakin gareji da littattafai a hannu.

"Baba, gobe Laraba. Mu hau motar tasha mu tafi, mu dawo kafin magariba."

"In hau motar waɗancan? Asabar ai ba ta da nisa."

"Likitan zuciya ba kullum yake zama ba."

"Sirajo ya tambayo mini, yana zama Asabar da safe. A auna ni, a auna ta, mu dawo tare."

"Mako uku kana cewa haka."

"To saura kwana huɗu."

Ta dube ni kamar in sa baki. Na ce masa gaskiya yarinyar nan ta faɗa. Ya ce in miƙo masa sifana mai lamba goma sha uku.

Ranar Laraba ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Ya sa sabbin buji masu ba inji wuta, ya danna bel da babban yatsa ya ƙara ɗaure shi, ya cika lagireto da ruwa. Ya zo shagona ya roƙi farin ƙyalle, na yanko masa ragowar wani yadi. Ya shimfiɗa shi ƙarƙashin injin, ya danne da duwatsu huɗu.

"Sirajo ya ce in tana ɗiga ko kaɗan, ba za su hau da ita ba."

Daga nan ya kwashe duk abin da ke cikinta: kujerar baya, igiyoyi, jarkoki, shebur, da katakai biyu da yake sawa ƙarƙashin taya in yashi ya riƙe shi. Ya kai su ɗakin ajiya cikin gida ya kulle. Ya cire faffaɗan tayoyin da yake shiga daji da su, ya sa na kwalta. Ya zauna da ƙusa yana ƙwaƙule tsakuwa daga ramukan tayar ɗaya bayan ɗaya, don kada ta yi tsalle ta fasa wa wani ido. Sannan ya buga musu iska har suka yi tauri kamar dutse.

Alhamis da safe ya ɗauko ƙyallen ya kawo mini har kan keke. Fari fat.

"Ka gani?" ya ce.

Na ce na gani.

Bayan azahar ya tayar da ita. Ya ɗora bakin sukudireba a kan injin, ya kafa kunne a ƙotar yana saurare. Ina ɗinkin wani wando, ina ɗaga kai jifa-jifa. Da na ɗaga a karo na uku ko na huɗu, yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya.

"Tela, zo ka kashe ta. Murɗa makullin hagu."

Na kashe. Zufa ta jiƙe masa riga, leɓensa ya yi toka-toka. Na yi kira cikin gida. Matarsa Sa'a ta fito da kwanon ruwa, Biba na bayanta, ta zo cin abincin rana. Biba ta iya tuƙi, shi ya koya mata. Muka ɗauke shi mu uku muka kwantar da shi a baya, inda ya cire kujera. Sa'a ta shiga ta ɗora kansa bisa cinyarta.

Motar ta tashi bugu guda. Muka yi tafiyar gida shida. A bakin lungu, inda yashi ya taru kafin a hau babbar hanya, tayoyin baya suka fara juyawa wuri guda. Biba ta ƙara takawa. Injin ya yi ƙara mai kyau, yashi ya tashi sama, motar ta zauna har ciki.

"Ɗaga ƙafarki," muka ji ya ce daga baya, a hankali. "Ƙara nutsewa take."

"Baba, mi zan yi?"

"A sace iskan."

Na sauka. Ban san yadda ake yi ba. Wani mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalba ya rugo, ya danna bakin tayar da tsinken ashana, iska ta fara fita da shewa. Mutane suka taru. Wasu suka duƙa suna haƙa da hannu, tunda sheburin da katakan suna ɗakin ajiya, makullin kuma ba wanda ya tuna inda yake. Wani ya fizgo zana daga dangar maƙwabci. Wani ya ce a ɗora shi a babur, Sa'a ta ce ba zai iya zama ba.

"Rabin iskan," in ji Isiyaku. Sai da na kai kunne ga taga na ji. "Kada su wuce rabi. Tayar za ta lalace."

Na faɗa wa mai esansi. Ya ce to.

Muka tura, mu wajen goma. Ta fita a karo na biyu. Ban duba agogo ba, amma mai esansi ya ce daga baya mun yi minti ashirin a wurin.

A asibiti suka karɓe shi da sauri, suka shiga da shi. Ina zaune bisa benci a waje aka kira la'asar. Ban kai ga tashi alwala ba wani ma'aikaci ya fito ya ce sai haƙuri. Biba ta tambaye shi da Faransanci ko da mun iso da wuri da ya yi rai. Ya ce ba zai iya sani ba. Ta ce masa ta gode.

Kafin magariba aka kai shi. Direbobin tasha duk sun zo, su suka riƙa karɓar makara.

Ranar Asabar Sirajo ya iso daga Maradi gaisuwa. Bayan addu'a ya fito ya zagaya motar, ya duƙa ya ja ƙugiyar, ya buɗe inji ya daɗe yana kallo. Ya nemi izini ya tayar da ita. Ɗaya daga cikin direbobin ya matso.

"Malam Sirajo, a ganinka doki nawa za ta yi?"

"Kunne ba ya awo," ya ce, ya kashe ta.

Ya gaya wa Biba duk Asabar ɗin da suka shirya su kawo ta, shi zai hau da ita da kansa, sai dai a mayar wa tayoyin iskansu. Biba ta ce za ta yi magana da Inna. Sa'a ta aiko daga ɗaki ta ce a gode masa, a bar maganar sai ta fita takaba.

Washegari na buɗe shago. Da hantsi na fita sayen zare. A bakin lungu ramukan biyu suna nan, zanar maƙwabci a karye rabinta cikin yashi. Wani mai amalanke ya taho da gangar ruwa, ya ja jakinsa gefe, ya raɓa ta jikin katanga ya wuce.