Sunan 'Yar Fa'iza

Ni ba 'yar Gure ba ce, kuma duk shekarun da na yi a garin mace ɗaya ce kawai ta taɓa sa na manta da haka. Daga Tawa gwamnati ta turo ni aikin ungozoma a likita, wato asibitin garin, ina bazawara, ba ɗa ba jika. Sunana Asma'u, amma Ma'u ake kirana, in an so girmamawa a ce Madam. Rabin haihuwar garin ta hannuna ta bi. In karɓi ɗan mutane, in wanke, in naɗe, in miƙa wa uwarsa, sannan in koma ɗakina in ci tuwo ni kaɗai. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba, abin yana ci mini rai.

Macen da nake faɗi ita ce Fa'iza, maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Mijinta Aisami yana da garka a wani kwari bayan gari, cikin ramukan nan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda dabino da rogo da albasa ke fitowa kore shar. Tun satin da na sauka ta fara miƙo mini kwano ta kan katanga. Ita ta koya mini gaisuwar Barebari, tana yi tana dariyar Hausata ta mutanen yamma har da riƙe ciki. Ba a daɗe ba ta bar ce mini Madam, ta koma Yaya.

Ciki biyu ta yi kafin zuwana, duka suka zo ba rai. Da ta samu na uku a shekarar 1994, sai na ɗauke shi tamkar nawa. Ni ke auna ta, ni ke hana ta daka, ni ke yi wa Aisami faɗa in na ga ta ɗauko tulu.

A lokacin na daɗe da roƙon a mayar da ni Tawa, saboda Innata ta tsufa kuma idonta ya fara rufewa. Kowa a unguwa ya san da roƙon, kuma labari ya fara yawo cewa ya kusa karɓuwa. Cikin kwanakin nan ne wata rana na kwantar da Fa'iza a tabarma, na ɗora ƙahon awo a cikinta ina sauraren bugun zuciyar ɗan. Sai ta kama hannuna.

"Yaya, in Allah ya sauke ni lafiya, kuma mace ce, sunanki za ta ci."

Na ce ta bar wasa. Ta ƙwala wa mijinta kira, ya leƙo da fartanya a kafaɗa.

"Madam, ai magana ta ƙare," in ji Aisami. "Asma'u ce, in Allah ya yarda."

Wanda ya haifa ba zai gane abin da na ji ba. Takwara rabin 'ya ce. Ita ake turo miki ta kwana, ke kike yi mata kitson salla, ke kike tara mata kayan ɗaki, ran da kika mutu akwai wadda za a kira da sunanki ta amsa. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share, na dawo na ƙarasa awon. Ko kaɗan bai zo mini a rai in tambayi kaina me ya sa sai yanzu aka yi alkawarin ba.

Ba a yi nisa ba majo, shugabanmu a likita, ya kira ni ya ce gurbi ya samu a Tawa, in shirya. Cikin Fa'iza bai kai ga haihuwa ba tukuna. Na ce masa a ba wata ungozomar.

"Ma'u, kin san irin wannan ba ya dawowa da wuri," in ji shi.

Na ce na sani. Na aika wa Inna saƙo cewa aiki ya riƙe ni, ta ƙara haƙuri. Da na gaya wa Fa'iza ta rungume ni tana hawaye, ta ce ko uwa ɗaya uba ɗaya iyaka ke nan. Daga nan kwanon kan katanga ya fara tsallake kwanaki. Na ce nauyin ciki ne, har ni na koma dafa mata.

Su kuma suna da tasu damuwar, ba zan ɓoye ba. Tudun rairayin da ke arewa da garkar Aisami ya taso yana cin ta a hankali, ya riga ya binne dabino biyu har wuya. A shekarar ne aka kawo aikin kafe rairayi, ana yi wa tuddai shingen kaba ana dasa itatuwa. Mai zaɓen kwarin da za a yi wa shinge wani ma'aikacin gandun daji ne, Tahiru, baƙo kamar ni, da matarsa Kubra. Sai aka fara cewa aikin zai tashi ya koma wani gari, Gamu, kafin a iso kwarin su Aisami. Na ga kwanon da na sani da murfinsa mai fure yana bin hanyar gidan Kubra. Har tsokanar Fa'iza na yi, na ce ashe an yi sabuwar yaya. Ta yi dariya, ni ma na yi, wawiya.

Haihuwar ta zo da rana tsaka, ta zo da wuya. Yarinya ta fito da cibiya naɗe a wuya, jikinta saɓule, ko motsi babu. Na warware, na share mata baki, na yi ta murza bayanta ina hura mata iska, ina cewa a zuci, tashi Asma'u, tashi. Da ta tsanyara kuka sai na zauna a ƙasa ina hamdala.

Ranar suna na yi sammako na ci ado. Na cika babban kwano da zannuwa da sabulu da 'yan riguna, a sama na ɗora 'yan kunnen azurfa da Inna ta ba ni ranar aurena. Na shiga cikin mata na zauna kusa da mai jego. Maza suna waje da liman, ana raba goro da dabino. Aka shafa fatiha, sai sanƙira ya ɗaga murya yadda har bayan unguwa za a ji.

"Sunan jaririya Hadizatul Kubra! Allah ya raya Kubra!"

Guɗa ta tashi. Na zaci kunnena ne, na juya in ga wadda za ta yi mamaki tare da ni. Ba wadda ta dube ni, ko ɗaya. Wata ta shiga gyaran ɗankwali, wata ta tashi duba tukunya. A nan na gane duk sun sani, ni kaɗai aka bari na shigo da kwano a ka. Kubra, baiwar Allah, ba ta san komai ba, aka miƙa mata yarinyar tana ta murna tana cewa ba ta cancanta ba.

Ban tashi ba. Na zauna har aka ci aka watse, don ba zan ba matan Gure labarin cewa Madam ta fita da kuka ba. Da la'asar ɗaki ya rage daga ni sai Fa'iza da jaririya.

"Me na yi miki?" na tambaye ta.

"Wallahi ba ki yi mini komai ba, Yaya, sai alheri."

"To ina alkawarin?"

Ta gyara wa yarinyar kwanciya. Ba kunya a fuskarta, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Magana ta yi mini a hankali, irin yadda nake yi wa mai cikin fari bayani.

"Yaya, ke ai kin riga kin zama tamu. An ba ki Tawa kin ƙi, kowa ya gani. Ina za ki? Su Kubra kuwa tafiya za su yi, in suka tafi rairayi ya cinye garka, me za mu ci? Yanzu mijinta ba zai iya barin garkar uban takwarar matarsa ta nutse ba. Suna ai wanda ake tsoron ya kuɓuce ake ba."

"Ashe lokacin da kika yi mini alkawari, tsoron tafiyata kike yi."

"To wa zai karɓi haihuwata in kin tafi?" in ji ta. "Amma ina son ki, Allah ya sani."

Na yarda tana sona, irin son da ake yi wa rijiyar cikin gida. Na tuna Inna tana laluben bango a Tawa, na tuna gurbin da na ce a ba wata. Da hannuna na zubar da abu ɗaya da ya sa nake da daraja a gidan nan. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa ji ba, ko ranar da mijina ya sake ni.

Sai na so in tabbatar. Ba wanda ya kira ni ko'ina, amma na ce, "Majo ya ce wani gurbin ya samu. Ƙarshen wata zan tafi."

Nan take fuskarta ta canza. Ta ajiye jaririyar, ta damƙe wuyan hannuna da hannu biyu, idonta ya cika.

"Haba Yaya, kada ki yi mini haka! Wa zai duba mini ita? Wallahi tallahi ta gaba sunanki ce, Aisami ma zai rantse miki!"

Hawayen nata na gaske ne, kuma shi ya fi ƙona ni. Na zare hannuna, na bar mata zannuwan da sabulun, don yarinya ba ta yi mini laifi ba. 'Yan kunnen Inna kuwa na ɗauke su daga kan kwanon, na ƙulle a bakin zanena, na fita.