Hatimin Uehara

"Ta buɗe! Uehara-san, zo ka gani!"

Mizue ta miƙe da sauri har kujerarta ta bugi bango. Kwana biyu ta yi tana loda manhajar Linux a tsofaffin kwamfutoci takwas na kamfanin busasshen kifin da take wa aiki, waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin zuwa bola. Yanzu ga manhajar rubutu ta LibreOffice ta buɗe takardar neman izini tsaf, ko layi ɗaya bai goce ba. Murna kamar ta kashe ta. Kwantiraginta na wata uku ranar Juma'a zai ƙare, kuma Shugaba Kuwahara ya ce abin da ya gani yau da ƙarfe goma shi zai raba gardama.

Uehara, shugaban sashe, ya taso da kofin shayinsa yana jan silifas. Shekara ashirin da bakwai yana wurin, bai taɓa yarda da sabon abu a ranar farko ba.

"Har gyara na yi," in ji Mizue. "Hotunan hatimanku na sa hannu duk a karkace na same su, na daidaita su."

Saura kaɗan shayin ya zube.

"Kin daidaita me? Yarinyar nan kin kashe mu! Da gangan muke karkatar da su wajen na Shugaba, gaisuwa ce, rusunawa suke yi! Yanzu kin tsayar da mu ƙerere a gabansa kamar masu neman faɗa!"

A makarantar da Mizue ta yi aiki a baya ba wanda ya damu da inda hatimi ya kalla. Ta cafki linzamin kwamfuta, amma ina, ƙofa ta riga ta buɗe. Kowa ya miƙe.

Kuwahara tsoho ne gajere, ƙamshin hayaƙin kifi ba ya barin rigarsa. Ya saka tabarau, ya daɗe yana duban allon.

"Uehara, yau bayanka ke ciwo?"

Uehara ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur.

"Laifina ne, Shugaba," Mizue ta ce. "Yanzu zan mayar." Ta danna hatimin, ta juya shi kaɗan.

"Tsaya. Iya nan yake juyawa?"

"Ko nawa kake so."

"Ƙara." Ta ƙara. "Ƙara dai!"

Hatimin Uehara ya yi ta sunkuyawa har ya kusa kifewa. Tsohon ya fashe da dariya yana dukan cinya, mutanen ofis suka samu izini su ma suka bi.

"Shekara ashirin da bakwai ban samu gaisuwa irin wannan ba! A fasa kiran mai motar bola."

Ya dubi jerin akwatunan buga hatimi da ke saman takardar, guda uku: nasa, na mataimakinsa, na Uehara.

"Ƙara na huɗu a ƙarshe. Kina da hatimi ko?"

Mizue ta juyo ta dube shi. "Ina da shi. A karkace zan sa ko a tsaye?"

Kuwahara ya cire tabarau ya nufi ƙofa.

"Ke kika san kan na'urar, Mizue-san. Ranar Litinin zan ga yadda kika yi."