Birkin Sannu-Sannu

Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin bas ɗin yana share baƙin mai a gaban rigarsa, ya sake faɗin abin da ya sha faɗi: birkin nan lafiyarsa ƙalau.

Direban ya bi shi da harara. Ƙanin matarsa ne, shi ya sa bai zage shi ba. A tasha Sannu-Sannu ake ce wa direban, don in ya taka birki ko jariri ba ya farkawa. Ba ya tuƙi da takalmi. Yakan tuɓe ya tura ƙarƙashin kujera, ya ce wanda ke tuƙi da takalmi kamar mai cin abinci da safar hannu ne. Amma 'yan watannin nan sai dai ya ji fasinja sun yi gaba sun dawo suna salati. Jiya kuwa saura ƙiris ya hau kan wata mata mai tsallaka titi. Mai motar ya yi masa kashedi na ƙarshe.

"Sake dubawa," in ji direban. "In ba ka iya ba ka faɗa, ba abin kunya ba ne."

"To, Yaya."

Ya bar masa motar ya wuce asibiti karɓar magani. Ya daɗe yana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, matarsa kaɗai ta sani. Likitar ta duba sakamakon jininsa ta yaba, ta ce ƙwayar cutar ta kwanta. Da ya miƙe zai tafi, sai ta lura yana taka ƙasa kamar mai gudun fasa ƙwai. Ta ce ya zauna, ta tambaye shi abin da ke damun ƙafarsa.

Da ƙyar ya amsa cewa tafin ƙafarsa na yi masa zafi kamar an zuba barkono, wani lokaci kuma sai ya ji dundum, kamar ƙafar ba tasa ba. Ya ce ai tsufa ne. Ta ce ba tsufa ba ne. Ta yi masa bayani cewa ƙwayar cutar ba ta ma shiga cikin jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi. Sojojin jikinsa ne ke taruwa a gindin jijiyoyin, kusa da ƙashin baya, suna zubo sinadaran kumburi don yaƙar cutar, sinadaran kuma su riƙa ƙona jijiyar a hankali. Wadda ta fi tsawo ita ke fara lalacewa daga bakinta, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa.

"Wato masu gadina ne suka cinna wa gidan wuta?"

"Kusan haka, Malam. Wace sana'a kake yi?"

Ya ce yana ɗan taɓa harkar mota.

Ta sa ya hau gado ya rufe ido, ta ce duk sanda ya ji tsinke a ƙafarsa ya faɗa. Ya kwanta yana tunanin 'ya'yansa da kashedin mai mota. Bai ji komai ba. To amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shawo kan 'yan sandan hanya ba zai rasa dabara a gaban likita ba. Ya ɗan jira, ya ce ya ji. Ya sake jira, ya ce nan ma ya ji, har da ɗan zabura don abin ya yi kyau.

"Malam, ban taɓa ka ba tukuna. Tsinken nake nema a aljihu."

Ya tashi zaune ya hau rantse-rantse, idonsa a kanta, wai iskar fanka ce ta ruɗe shi, wai ƙafar nan tasa sauro ma bai isa ya sauka a kanta bai sani ba. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce ya dubi ƙasa. Tsinken na danne a babban yatsansa na dama, har fatar ta lotsa.

"Tun yaushe?"

"Tun da ka fara rantsuwa."

Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Ta ce akwai maganin rage zafin, amma jin da ya tafi ba lalle ne ya dawo ba. Maganar tuƙi kuwa, ta ce shi ma ya san amsar.

Yana zaune a bencin baranda yana kallon ƙafafunsa wayarsa ta yi ƙara. Bakaniken ne. Muryarsa irin ta wanda ya gaji da rigima, ko wanda yayarsa ta ja wa kunne. Ya ce ya sake kwance birkin, ashe Yaya ne ke da gaskiya, akwai 'yar matsala, ya gyara. Ya ba shi haƙuri, ya ce har ya kira mai mota ya shaida masa laifin ba na direba ba ne. Ya ce ya zo ya ɗauki motar, tasha cike take da fasinja.

Watanni yana jiran ya ji wannan maganar daga bakin yaron nan.

"Ƙarya kake yi, amma na gode," in ji direban. "Kai wa mai motar makullinsa."