Iƙamar Mai Koren Kunne

Injiniya Luqman Jibrin ya shekara goma sha ɗaya a Riyadh yana aiki da wani kamfani mai kula da injinan tura ruwa. Mutum ne mai son komai ya tafi bisa lissafi. Idan aka ce masa tafiyar minti goma ce, sai ya duba agogo, in an isa ya shaida wa mai maganar cewa sha uku aka yi. Yana zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene a Al-Murabba, shi da matarsa Kaltume mai aikin jinya, da 'yarsu Hajar mai shekara goma sha uku. Tana da shekara biyu aka zo da Hajar, don haka Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa.

Abin da ya tsaya wa Injiniya a rai a shekarar nan shi ne fina-finan da Hajar ke kallo in ta dawo daga makaranta. Irin waɗanda ake yi wa yara masu tasowa ne a talabijin, a juya su zuwa Larabci. A wani, yarinya ta gano kakarta inji ce. A wani, yaro ya buɗe firji ya faɗa wata duniya. Kowane fim da jirgin sama jannati mai kama da murfin tukunya, da malamin makaranta da bai san abin da ke faruwa a ajinsa ba. Injiniya kan tsaya bakin falo da jakar aiki a hannu, ya kalli minti ɗaya, ya yi tsaki ya wuce.

Ƙungiyar 'yan Nijeriya ta unguwanninsu takan haɗu Juma'ar farko ta kowane wata bayan la'asar, a wata istiraha da ake kamawa a bayan gari, wato fili mai katanga da ɗakin zama da ciyawa. A wani zama, ana cikin cin shinkafar kabsa, Injiniya ya kawo kukansa. Ya ce ana zuba wa yara shirme a kai da sunan kimiyya, kuma babu mai cewa uffan. Shugaban ƙungiyar, Dakta Sha'aban, likitan yara ne, kuma ya daɗe yana neman wanda zai cike masa gurbin lacca.

"Ai shi ke nan, Injiniya," in ji shi. "Wata mai zuwa kai za ka yi mana bayani a kan illarsu. Iyaye na buƙatar mai ilimin abin."

Injiniya ya amsa kafin ya gama tauna lomar da ke bakinsa.

Da ya zauna rubuta laccar sai ya ga matsala. Bai taɓa kallon ko ɗaya ya kai ƙarshe ba, kuma ba halinsa ba ne ya tsaya gaban jama'a da magana babu hujja. Ya sayi sabon littafin rubutu, ya ja layi ya raba shafi gida biyu, ɓangare ɗaya na kuskuren kimiyya, ɗaya na kuskuren tarbiyya. Sannan ya kira Hajar ya ce ta kawo masa mafi muni a cikinsu. Larabcinsa na wurin aiki ne da kasuwa, bai kai ya bi maganar fim ba, saboda haka dole ta zauna ta riƙa fassara masa.

"Da Hausa," ya ce.

"Baba, ya'ani, akwai kalmomin da ban sani ba."

"Ki tambayi mamanki."

A fim na farko ya rubuta kuskure ashirin da uku. Jirgi na ƙara a inda babu iska. Yaro ya gyara injin tafiya cikin zamani da cokali da cingam. Ya riƙa tsayar da fim ɗin yana yi wa Hajar bayani, tana sauraro da haƙuri irin na wanda ke jiran layi ya zo kansa. A na biyu kuskure goma sha tara ya samu. A na uku, wanda kyanwar gida ta zama shugabar wata duniya, bakwai kawai ya rubuta, kuma sau biyu yana cewa a mayar baya don bai ji abin da kyanwar ta ce ba.

Kaltume ta dawo daga dawam, wato aikinta na jinya, ta tarar da su a haka, da kwanon gyaɗa a tsakaninsu.

"Abban Hajar, har yanzu binciken ne?"

"Bincike ne," ya ce, bai juyo ba.

Wata Asabar da rana, bayan sun gama na shida, ya rufe littafin ya tambayi Hajar abin da ya kamata ya tambaye ta tun farko: me take gani a cikinsu? Ya yi zaton za ta ce ban dariya. Ta harhaɗa Hausarta.

"A ciki yara ne suke sanin abin da ke faruwa," ta ce. "Manya suna nan, amma ba su gani. Kuma ba wanda yake mutuwa. Ko an ce duniya za ta fashe, na san kafin magariba an gyara."

Ya buɗe littafin, ya duba ɓangarorin biyu, bai ga inda zai sa wannan amsar ba, ya sake rufewa.

Fim na tara shi ne ya kama shi. Labarin wani yaro ne daga wata duniya mai nisa da aka turo karatu a wata makarantar sakandare. Kamarsa ɗaya da mutane, sai dai kunnuwansa kore ne, kullum yana rufe su da hular sanyi. Ba ya cin komai sai alli. Abokansa biyu kaɗai suka san asirinsa. Injiniya na kallo yana hamma, har aka zo wurin da wani ƙarfe da ke wuyan hannun yaron ya fara walƙiya ja.

"Mene ne wancan?"

"Izininsa na zama a duniyarmu ya kusa ƙarewa," in ji Hajar. "Saura kwana uku. In ba a sabunta ba, jirgi zai zo ya ɗauke shi."

Injiniya ya gyara zama. "Iƙamarsa ke nan. Waye kafilinsa?"

"Mai sharar makarantar. Shi ya sa hannu aka kawo shi. Amma ya tafi hutu, kuma wayarsa a kashe."

"Haka suke yi," in ji Injiniya.

Daga nan bai sake taɓa biro ba. Ya bi yaran nan uku daga ofis zuwa ofis a wata tasha da ke shawagi a sararin samaniya, can bayan wata. Wani inji mai ido ɗaya ya ce hoton yaron ya tsufa, a kawo sabo. Wani ya ce wannan tagar ba tasu ba ce, su je ta sha huɗu. Da suka isa ta sha huɗu an rufe. Hajar na dariya har tana riƙe ciki. Uban bai yi dariya ba. Ya tuna shekarar da takardunsa suka maƙale wata biyu, ba ya iya tafiya gida, mahaifiyarsa kuma na kwance a Zariya. Bai taɓa ba Hajar labarin ba, ranar ma bai ba ta ba. Da fim ɗin ya ƙare sai ya tashi ya ce zai haɗa shayi, ya daɗe a kicin.

Ranar lacca istirahar ta cika. Maza na ɗakin zama, mata na ɗaya ɓangaren suna ji ta lasifika, yara na ƙwallo a ciyawa. Injiniya ya fara yadda ya tsara. Ya ce ya kalli fim goma sha ɗaya don kada kowa a nan ya wahalar da kansa. Ya karanto kurakurai, ya yi bayanin dalilin da sauti ba ya tafiya inda babu iska. Mutane na gyaɗa kai cikin ladabi, wasu na duba waya a ƙarƙashin gwiwa.

Sai ya zo kan misalinsa na ƙarshe. Yana so ya nuna cewa ba yadda za a yi a isa bayan wata a cikin hutun rabin awa na makaranta. Amma don a gane misalin sai ya faɗi abin da ya kai yaran can. Don a gane wannan kuma sai ya faɗi waye mai koren kunne, da waye mai sharar. Kafin ya farga ya ajiye takardarsa yana kwaikwayon muryar inji mai ido ɗaya. Wayoyi suka koma aljihu. Yaran da ke ƙwallo suka taru a bakin ƙofa.

Da ya kai taga ta sha huɗu sai ya tuna abin da ya kawo shi. Ya ɗauki takardar ya ce, "To, abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin duniya da wata."

Wani dattijo ya ɗaga hannu daga baya. Malam Ɗanbala ne, direban wata makaranta, mutumin Gumel, ya fi shekara ashirin a ƙasar yana zaune a Ulaisha.

"Injiniya, a bar tazarar tukuna. An sabunta masa ko ba a sabunta ba?"

Kowa ya zuba masa ido. Injiniya ya dubi Dakta Sha'aban, ya ga shi ma amsar yake jira.

"In na faɗa na ɓata muku," ya ce.

Aka yi ta gunaguni. Daga ɓangaren mata aka aiko da takarda ana tambayar sunan fim ɗin da tashar da ake nuna shi. Dakta Sha'aban ya rufe taro da godiya, ya ce tunda lamarin ya kai haka, ƙungiya ta naɗa Injiniya ya riƙa tantance wa iyaye irin waɗannan fina-finan, ya kawo rahoto duk wata. Aka yi addu'a aka watse. A mota Kaltume ta ce laccar ta yi kyau, sai dai ba ta gane ba ko hanawa yake ko talla. Ya ci gaba da tuƙi.

Mako biyu bayan haka ya dawo daga aiki da gyaɗa, ya ce wa Hajar ta zo, ya ji an yi kashi na biyu na fim ɗin mai koren kunne. Tana kwance a ɗakinta tana karanta wani littafin Larabci mai kauri.

"Baba, na daina kallonsu."

"Tun yaushe?"

"Na yara ne. Kuma ƙawayena duk sun ji labarin laccar. Muhibba ta ce babanta ma ya fara kallo." Ta juya shafi. "Abin da iyaye ke kallo ba ya daɗi."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Abin da ya nema tun farkon shekara ke nan, kuma ya samu. A rahotonsa na farko ya shaida wa ƙungiya cewa a gidansa dai an shawo kan matsalar, aka ce masha Allah, wasu iyayen har suka zo suna tambayarsa dabara.

Malam Ɗanbala ne ya kira shi a waya ranar wata Laraba. Ya ce su biyar ne a ɗakinsu, sun samo fim ɗin, amma Larabcin ciki irin na littafi ne, ba sa kama shi sosai. Ko Injiniya zai taimaka ya zo ranar Juma'a bayan an sauko?

Ya je. Ɗaki ne mai gadaje masu hawa biyu, da na'urar sanyi mai ƙara, da ƙaramin talabijin a kan firji. Direbobi biyu, birkila ɗaya, mai gyaran wuta, da wani mai aiki a shagon turare a Dira. Suka ba shi kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, su suka zauna a ƙasa. Ya riƙa fassarawa daga abin da ya riƙe na bakin Hajar, inda ya manta ya cike da nasa. Da ƙarfen hannun yaron ya fara walƙiya ba wanda ya buƙaci fassara. Birkilan ya ce laifin yaron ne da bai fara bin takardun tun saura wata guda ba. Mai turaren ya ce ko ya fara da wuri, in kafili ya kashe waya ba abin da zai iya. Gardama ta kaure har sai da aka tsayar da fim ɗin.

A ƙarshe mai sharar ya bayyana da rigar wanka da takalmin roba, saura daƙiƙa huɗu jirgi ya sauka, ya dangwala yatsa, ƙarfen ya koma shuɗi. Malam Ɗanbala ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Mai gyaran wuta ya girgiza kai.

"Nan ne kawai suka yi ƙarya," ya ce. "Wanda ya tafi hutu ba ya dawowa saboda kai."

Suka sha shayi, suka yi la'asar a masallacin layin. Da za su rabu Malam Ɗanbala ya rako shi har mota, ya tambaye shi ko gaskiya ne akwai na kyanwa. Injiniya ya ce akwai, amma wannan sai an bi shi a hankali, don kyanwar tana da saurin magana. Suka tsayar da Juma'a mai zuwa.