Kaji Ashirin da Firjin Maƙwabta

Shekara ashirin da shida Bakri ya yi yana tuƙa bas ɗin masu ziyara a Madina kafin likita ya gaya masa cewa ciwon suga ya taɓa idonsa. Kamfanin bai sallame shi ba. An mayar da shi gareji, inda yake zama daga la'asar zuwa isha'i yana miƙa wa direbobi makullai. Albashinsa ya koma rabi da 'yan kai.

A hawa na biyu na wata tsohuwar imara, wato benen haya, a unguwar Uhudu suke zaune, shi da matarsa Najiba, wadda ke ɗinka abaya a falo, da 'yarsu Hibatullah mai aiki a shagon gyaran gashi na mata. Bakri da Najiba 'yan Gadarif ne, can Sudan. Hibatullah kuwa a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in an yi mata magana da Larabci take amsawa.

Lokacin safiya ne ya fi damun Bakri. In ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna yana sauraren ƙarar keken ɗinki, ya rasa inda zai sa kansa. Ran nan ya ce wa Najiba daga yau shi zai riƙa yin cefane.

"Abu Hiba, ka san nawa ake sayar da kilon albasa?" in ji ta, ba ta ko ɗaga kai daga ɗinkin ba.

"Zan sani."

Shekarun nan duk, Najiba a manyan kantunan rangwame biyu na unguwar take sayayya, waɗanda kowa ke kira tahfidat. Ta san ranar da kowanne ke karya farashi. Ba ta yi masa musu ba, ta ɗauko kuɗin abincin wata ta miƙa masa.

A gareji ya ji direbobi suna zancen wani katafaren rumbun jumla da aka buɗe a bayan gari. Ba a shiga sai da kati, katin kuma riyal ɗari biyu ne a shekara, amma wai komai a ciki kamar kyauta. Bakri bai gaya wa kowa a gida ba. Ya nemi Rabo, mutumin Maraɗi da ke zaune a hawan ƙasa, wanda ke dakon kaya da ƙaramar a-kori-kura, suka tafi ranar Asabar da hantsi.

Wurin ya fi yadda aka faɗa. Buhuna jibge har kusa da rufi, sanyi na busawa ta ko'ina, ga kekunan zuba kaya manya kamar gado. Bakri ya yanki kati, aka ɗauki hotonsa. Da ya ga hoton a jikin katin sai ya ji wani daɗi da ya kwana biyu bai ji ba. Ya ɗauki buhun shinkafa mai kilo arba'in, da buhun albasa, da katan ɗin mai, da sukari, da garin sabulu, da katan biyu na kajin ƙanƙara. Manyan lambobin farashi kawai yake iya gani, su kuwa duk sun yi masa kyau.

"Ammu Bakri, kajin nan ba su yi yawa ba?" in ji Rabo.

"Sha uku da rabi kowace ɗaya. A tahfidat sha biyar ce. Ɗora kawai."

Sau huɗu suka hau bene da kaya. Najiba ta tsaya a bakin kicin tana kallo har aka ajiye katan na ƙarshe. Ta buɗe gidan ƙanƙarar firjinsu, wanda bai fi akwatin takalmi uku ba, ta dubi mijinta.

"Guda nawa ne?"

"Ashirin."

"Nan shida yake ci. Sauran sha huɗun a ƙarƙashin gado za mu kwantar da su?"

Lokacin zafi ne, kwalin har ya fara jiƙewa. Najiba ta yafa gyale ta ce ya ɗauko ya biyo ta. Haka suka bi ƙofa-ƙofa suna roƙon wuri a firjin mutane, biyu a wannan gida, uku a wancan. Bakri, wanda shekara goma sha ɗaya a imarar bai wuce sallama da kowa a matakala ba, ya tsaya rungume da kaji yana yi wa kowa bayani. Wata tsohuwa 'yar Chadi a hawa na uku ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta fitar da kuɓewarta ta ƙanƙara don ta sama musu wuri.

Gidan Rabo ne na ƙarshe. Matarsa Hajo, wadda ke yin fura da dambu tana sayar wa ma'aikata, ta karɓi kaza ɗaya ta jinjina ta a tafin hannu.

"Baba, wagga kaza ba ta kai ta tahfidat ba. Ta hi ta sauƙi a hannu."

"Kaza ai kaza ce," in ji Bakri.

"A'a hwa. Ni ban yi boko ba, amma hannuna ba shi ƙarya." Ta ɗauko tata daga firji ta ɗora masa a ɗaya hannun. Ya ji bambancin tun kafin ta ƙara magana.

Da Hibatullah ta dawo daga aiki ta karanta ƙananan rubutun. Kajin jumla giram ɗari tara ne, na tahfidat dubu da ɗari ɗaya. Kwalbar man da ya sayo lita ɗaya da rabi ce a kan riyal sha bakwai, wadda Najiba ta saba saye kuwa lita ɗaya da ɗigo takwas ce a kan sha tara. Bayan kwana goma rabin albasar ta ruɓe a bayan ƙofar kicin, warin ya kai har matakala. Bakri da kansa ya sauke buhun zuwa bola.

Najiba ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ƙara karɓar ɗinki, ta yi ta dafa kaza har Hibatullah ta ce da Larabci ta fara jin za ta yi cara. Bakri ya daina hira wajen cin abinci. Katin yana cikin aljihun jallabiyarsa, ya rasa ko ya karya shi ko ya ɓoye.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Hibatullah ta same shi a falo ya kai takardar sayayyar dab da hancinsa yana ƙoƙarin karantawa. Ta zauna kusa da shi ta karɓi wayarsa.

"Shuf, yaba," ta ce, wato duba, baba. Ta ɗauki hoton takardar, ta sa yatsu biyu ta buɗe shi. Lambobin suka girma har kowace ta kai ƙwayar dabino.

Bakri ya daɗe yana kallo. Tun da idon ya lalace, ranar ce ya fara karanta ƙaramin rubutu ba tare da ya nemi wani ba.

"Sake yi in gani," ya ce.

Ta sake. Sannan ta nuna masa yadda zai raba kuɗi da nauyi don ya san nawa kilo ɗaya ya kama. Tana faɗin lambobi da Larabci, yana maimaitawa da Hausa. A nan suka gano cewa shinkafar da ya sayo ta yi araha da gaske. Kilo ya kama shida da 'yan kai, alhali a tahfidat ya kusa takwas, ko ranar rangwame ba ya sauka ƙasa da bakwai sai kaɗan.

"Ashe ba duka na yi asara ba," in ji shi.

"La, mu kullu," ta ce, tana murmushi. Ba duka ba.

Washegari ya fita da sassafe. Mako uku ya yi yana zagaya kantunan biyu a ƙafa, yana ɗaukar hoton farashi da nauyin kowane abu. Wani ma'aikaci ya taɓa tare shi yana tambaya ko daga baladiyya, hukumar gari, aka turo shi bincike. Bakri ya ce a'a, daga wajen matarsa aka turo shi. Sau biyu ya bi Rabo rumbun jumla bai sayi ko allura ba. Ya koyi abubuwan da bai taɓa kula da su ba. Akwai kwalin da yake da girma amma rabinsa iska. Akwai rangwamen da sai ka sayi uku, da wanda saura mako biyu kayan su lalace. In ya rikice sai ya sauka wajen Hajo da gwangwani biyu, ta jinjina, ta ɗanɗana, ta gaya masa wanne ne tumatirinsa ya fi kauri.

A ƙarshe ya zaunar da Najiba, ya kashe mata keken ɗinki da hannunsa.

"Ummu Hiba, ki ba ni minti biyar. Shinkafa, sukari, fulawa, madarar gari da sabulu, jumla ta fi araha, kuma ba sa lalacewa. Mai, kaza, ƙwai da duk wani ɗanyen kaya, wajenki ya fi, musamman ranar rangwame. Ke ce da gaskiya a kansu."

"Na sani," in ji ta.

"Amma ga inda matsalar take. Mu uku ne. Abin da za mu rage a wata, in aka cire kuɗin kati da na motar Rabo, bai taka kara ya karya ba. Katin nan ba na gida ɗaya ba ne."

Najiba ta warware zare daga yatsanta. Can ta ce, "Gida nawa muka kai wa kaji?"

"Shida."

"To ka je ka karɓo sauran kajin, ka yi musu wannan bayanin da ka yi mini. Amma ka rage tsawonsa."

Gida biyar suka yarda. Na shidan, wani tela, ya ce shi ba ya haɗa sayayya da kowa, Bakri ya yi masa godiya ya karɓi kajinsa. Ranar Asabar ta farkon wata kowa ya faɗi abin da yake so ya ba da kuɗinsa, aka raba kuɗin kati da na mota daidai. Da rana, bayan Bakri da Rabo sun dawo da kaya, aka shimfiɗa leda a zauren imarar. Hajo ta kawo sikelinta na fura, amma sai ta fara auna shinkafar da hannu, a ɗora a sikeli a ga ko ta kuskure. Da wuya ta wuce da cikin cokali biyu. Tsohuwar hawa na uku, wadda a ranar Bakri ya san sunanta Tasallah, ta zauna a kan kujera tana ba da umarni ba wanda ya tambaye ta.

Ba komai ya tafi daidai ba. A wata na biyu an yi cacar baki a kan irin shinkafa, domin mutanen Chadi da na Nijar ba su son mai doguwar ƙwaya da su Najiba suka saba. Sai da aka koma sayen buhu iri biyu. Wani watan kuma tahfidat suka karya farashin sukari ƙasa da na jumla kwana biyu bayan an sayo, Bakri ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Tasallah ta ce masa ya bar wahalar da ƙafarsa, ba wanda ya ce shi ya san gaibu.

Duk da haka, kowane gida ya ga sauƙin riyal hamsin zuwa saba'in a wata. Hibatullah ta buɗe musu zauren hira a waya. Duk ranar da kantunan suka saki sabon farashi, Bakri kan zagaya da safe, ya dawo ya yi saƙon murya: ƙwai ya sauka a kantin kusa da masallaci, kada kowa ya sayi man da aka jera a bakin ƙofa, ƙaramar kwalba ce. Mutanen imarar da ke kallonsu suka nemi a sa su. Wani magidanci ya tare shi a hanya ya ce zai yanki katin shi ma, Bakri ya tambaye shi su nawa ne a gida, da ya ji su biyu ne sai ya ce ya riƙe kuɗinsa ya zo ya shiga nasu.

Ana saura wata ɗaya azumi, Rabo ya hau sama bayan isha'i ya ce yana da magana. Ɗan'uwansa na aiki a wata gonar dabino a Badr, mai gonar kuma yakan sayar da katan-katan ga wanda ya je da motarsa.

"Ammu, in mun haɗu gida goma, tahiya guda ta isa."

"Nawa kilo?"

"Ya ce da araha ƙwarai."

Najiba ta kwashe da dariya daga bayan keken ɗinki. Bakri ya yi kamar bai ji ba.

"Ka ce masa ya aiko mana da rabin kilo mu ɗanɗana, ya kuma faɗi nauyin katan ɗin ba da kwalinsa ba. Ni gobe zan gangara wajen masu rumfuna a Sayyidush Shuhada in ji nasu farashin, in biya tahfidat. Jibi sai mu zauna."

Rabo ya ce to. Najiba ta tashi ta ɗora shayi, ta leƙo daga kicin ta ce in zai gangara goben, ya taho mata da zare baƙi guda uku.