Garmar da ba ta cizo sai hagu

Tun da mijin Mariama ya rasu garmar Audu ta kamu da wani irin ciwo. Audu wan marigayin ne, gonarsa ta yi iyaka da gamana, 'yar gonar da aka bar mata ita da 'yarta Hafsatu, can bayan tabki, kuma ba abin da ya raba su sai layin gamba da mijin ya dasa da hannunsa. Duk damina in tarakta ta iso gefen nan, sai garma ta karkace hagu ta yanki gamba, ta kife ta cikin gonar Audu. A yi magana, ya ce ƙarfe ne, ba shi da hankali. Bana saura tsirarun gindi. In suka tafi, ba mai iya nuna inda ƙasarta ta fara, kuma Audu ya fi kowa sanin haka.

Shi ya sa ranar da aka yi ruwan shuka ta riga tarakta zuwa. Ta sami gindin gamba mafi girma ta zauna a kai, ranta a ɓace.

Anas direba, mutumin garin Ɗan Issa, ya ja birki dab da ita. Audu ya biyo da sauri yana tattare riga.

"Uwar Hafsatu, mi kike yi nan? Tashi a yi aiki."

"Ina zaune cikin gonata, Yaya. A gyara garma tukuna."

"To gyara mata, Anas, tunda yau mata ke koya muna noma."

Anas ya sauko yana tsaki. Ya fara da doguwar sandar ƙarfe ta sama, ya murɗa ta don bakin garma na gaba ya daina nutsewa fiye da na baya. Ya juya hannun da ke ɗaga gefen dama har garma ta kwanta daidai, taya ɗaya na cikin kwari. Ya ja da baya ya gwada a ƙasar Audu. Garma ta taho tana lilo kamar jelar saniya, ta sake zamewa hagu, bakin gaba na yankar ƙasa mai faɗi.

"Kin gani da idonki," in ji Audu. "Haka aka ƙero ta."

Mariama ba ta san kan garma ba, amma ba makauniya ba ce. Ta ga sarƙa biyu a bayan tarakta, ɗaya a ɗaure tamau, ɗaya ta yi sako-sako har tana jan ƙasa. Ta ga Anas ya kai hannu gare ta, ya ɗaga ido ya dubi Audu, sannan ya janye hannun ya shiga goge shi da tsumma. Nan zuciyarta ta tafasa. Ashe ciwon da ake ta yi wa kuka, kowa ya san maganinsa.

Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Na yarda, Yaya, laihin ƙarhe ne. To ga gonar Maigari can yamma da taka. Ku tai ku gama wancan gehen, iyakarshi na hagunku, da garma yadda take. In ta ci gambarshi kamar yadda taka cin tawa, wallahi ni da kaina zan tuge sauran in ba ka."

Masu shuka a gonakin kusa sun riga sun dogara da sungumi suna saurare. Ɗaya ya ce ai maganar ba ta da wuya, a je a gwada. Audu ya dubi yamma, ya dubi mutane. Gambar Maigari na tsaye cif, shekara da shekaru ko ganye ɗaya garmar nan mara hankali ba ta taɓa ba.

"Ɗaure sarƙar," ya ce da Anas, murya ƙasa-ƙasa.

Ko gumi Anas bai yi ba. Ya ɗauko lakile, wato sufana, ya ɗan murɗa, sarƙa ta miƙe. Tarakta ta wuce, garma na bin bayanta sak, ta bar gamba a tsaye. Wani ya yi dariya, wani ya ce Allah ya ba garma lafiya.

Audu ya matso kusa da ita, idonsa jawur.

"Kin kunyata ni gaban mutane. Daga yau ke da ɗiyarki ba ku da kowa a gidanmu. Ko mutuwa kunka yi, kar a aiko mini."

Maganar ta soke ta, don Hafsatu ba ta da wani uba sai shi, kuma shi ne zai ba da aurenta wata rana. Ta ji hawaye na tahowa, ta hana su.

"Da ma tun ranar da anka rufe ƙanenka ba mu da kowa," ta ce.

Ta shiga gonarsa ba sallama, ta bi kwarin da aka yi ɗazu tana tono saiwoyin gambar bara da garma ta binne, waɗanda ruwa ya fara tayarwa. Ta ƙirga taku daga gawon da mijinta ke aunawa da shi, ta durƙusa a tsohuwar iyaka, cikin ƙasar da Audu ya riga ya nome, ta fara dasawa. Ba wanda ya ce mata ta daina.