Gwajin Zare a Kan Gawayi

Shekara talatin da biyu Baba Gikonyo ya yi yana sayar da mutura a bakin tashar motar Githurai. Yakan cusa nama da jini a hanjin akuya, ya ɗaure, ya gasa. Da aka gano ƙari a hanjinsa shi ma, aka turo shi asibitinmu, inda nake aikin nas a ɗakin tiyata.

Dokta Jepchumba ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Za a yanke wurin da ya lalace, a haɗa bakin biyu a ɗinke. Ita za ta zauna gefe tana sarrafa inji mai hannu huɗu, injin ne zai riƙe allura.

"Injin ya taɓa cin hanji?" in ji Baba Gikonyo.

"A'a, Baba."

"To ina ya san halinsa? Kawo zaren in gani."

Na miƙa masa. Ya ja, ya shinshina, ya sa a baki ya ɗan tauna.

"'Yata, wannan ko gashin matata ya fi shi kauri. Ba zan sa hannu a takarda ba sai na ga ya riƙe mutura a kan wuta."

"Baba, ai babu wuta a cikinka," in ji likita.

"Ba ki taɓa cin barkonon gidana ba shi ya sa."

Na zaci za ta kore shi. Amma dama tana da damuwa a kan zaren. Yatsun injin ƙarfe ne, ba sa jin nauyin abin da suka matse, kuma sau biyu zare ya tsinke mata a wajen atisaye. Ta ce ya zo ranar Asabar, lokacin da muke koyon aiki da tsohon injin da ba a taɓa majiyyaci da shi.

Ya zo da bokiti cike da hanji, da murhu a kan babur. Ya cusa guda uku, likita ta ɗinke bakinsu da injin. A na farko da na biyu ta damƙi zaren ta tsakiya yadda ta saba. A na uku allura da wutsiyar zaren kawai ta kama. Baba Gikonyo na tsaye da hular tiyata a kan hularsa, yana yi wa injin faɗa.

"Kai, sassauta! Ba ɓarawo ka kama ba!"

Muka fita wurin ajiye motoci ya hura gawayi, ya ɗora hanjin uku a kai. Likitoci uku da masu gadi biyu suka kewaye murhun. Hanji na farko ya fashe kafin minti biyar, ya watsa wa likita mai sa majiyyata barci jini a riga. Na biyu ya bi shi. Dokta Jepchumba ta tsuguna da madubin ƙara girma, ta ga a duka biyun zaren ya tsinke daidai inda ƙarfe ya matse. Na uku ya kumbura, ya yi ja, yana tsiyayar mai, bai buɗe ba.

Ana haka shugaban asibiti, Farfesa Mwakideu, ya fito neman motarsa. Kafin wani ya yi magana ya ɗauki na ukun ya gatsa. Zaren ya shige tsakanin haƙoransa. Ya ja, ya ƙi. Mai gadi ya riƙe masa kai, wani ya ja muturar, zaren ko gezau. Sai da na koma ciki na ɗauko almakashi.

"Wannan nake so," in ji Baba Gikonyo. "Ina takardar?"

Ranar Talata aka yi masa aiki, awa uku, likita ba ta taɓa tsakiyar zaren ko sau ɗaya ba. Kwana huɗu ya koma gida.

Bayan wata uku ya dawo a duba shi, ya yi ƙiba. Ya tambaya yaushe za a cire zaren, yana so ya ajiye. Likita ta ce irin mai narkewa ne, jikinsa ya riga ya shanye.

Ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Wato na cinye shi."

"Kusan haka, Baba."

"Ban ma ji ɗanɗanonsa ba," ya ce, ya gyara rigarsa ya fita cikin ɓacin rai.